Wata uku ina ƙunsa tsire a takarda mai rufin masara

Tun da na fara sayar da tsire a Garwa, da takardar buhun siminti nake ƙunshi, sai in ɗora leda a kai. Duk mun san tun 2014 gwamnatin Kamaru ta hana leda marar kauri, wadda kaurinta bai wuce mikiron 60 ba, amma muka ci gaba da saye a ɓoye. Abin da ya sa na daina amfani da leda shi ne akuyar gidanmu da ta mutu, aka farka cikinta aka tarar da leda dunƙule.

Wani ɗan'uwana da ke zuwa Duwala ya kawo mini kwali ɗaya na takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa. Bayanta takarda ce zalla, cikinta kuwa an shafe shi da wani siririn rufi mai sheƙi, ana ce masa PLA, daga sitacin masara ake yin sa ba daga man fetur ba.

Wajen riƙe mai, wallahi ban ga kamarta ba. Man gyaɗa da ƙuli ba sa ratsawa, mutum ya sa ƙunshi a aljihun riga ya isa gida ba tabo. Wata hajiya da ke aiko yaro kullum ta ce yanzu naman ba ya ɗauke da ƙurar siminti. Kilishi ma yana kwana uku a ciki bai yi laushi ba.

Zafi ne ba ta so. Rufin yana saki idan zafi ya kai wajen digiri 60, don haka in na sauke nama daga wuta na ƙunsa nan take, sai ya manne. Dole in bari ya sha iska. A watan Afrilu na ajiye kwalin ƙarƙashin rumfar kwano, wasu suka haɗe da juna.

Abin da ya fi damuna shi ne ruɓewa. Na binne guda biyar a bayan gida da damina. Bayan wata biyu takardar ta narke, rufin yana nan kamar fatar albasa. Ashe sai a wurin haɗa taki mai zafi sosai yake ruɓewa da wuri. Ga tsada: kuɗin ɗaya ya sayi leda da yawa, kuma ban ƙara wa kowa ko dala ba.

Na sake aikawa a kawo mini kwali biyu, na tsire da kilishi. Romo kuwa, kowa ya zo da kwanonsa.