"Do the dishes" ko "wash up": wacce za ki riƙe?

'Yar uwa, kin tambayi wacce za ki riƙa faɗa da Turanci in wanke-wanke kike nufi. Ki riƙe "do the dishes" ki huta.

Ko'ina kika faɗe ta, a Amurka ko a Ingila, za a gane wanke-wanke kike nufi. "Dishes" ɗin nan kuma ba faranti kaɗai ba ne, har tukwane da kofuna da cokula duk suna ciki. Aikatau shi ne "do", shi ke sauyawa da lokaci: jiya "I did the dishes", yanzu "I am doing the dishes", in kuma aikin mutum ne na kullum, "she does the dishes". Kada ki yar da "the", kada ki cire "es" ɗin jam'i, kuma kada ki kuskura ki ce "make the dishes", wannan sai a ɗauka girki kike yi. Da wannan tsarin za ki samu wanki da guga a kyauta: "do the laundry", "do the ironing".

Ni a bakin wata Ba'amurkiya da muka yi aiki tare na kama ta. Duk ranar da na yi mana dambu, kafin in miƙe ta riga ta tattara kwanuka tana cewa, "You cooked, I'll do the dishes." Allah sarki, ko ƙanzo ba ta iya kankarewa, amma ba ta taɓa bari na taɓa soso ba.

"Wash up" kuwa, to, daidai ce, ba zan ce ba daidai ba ce. Ta mutanen Ingila ce, su ne ma ke cewa "do the washing-up". Sai dai a Amurka wanke hannu da fuska take nufi, don haka in an ce miki "go and wash up" kafin cin abinci, ba wurin kwanuka aka tura ki ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallan "iya Turanci cikin kwana 30" a WhatsApp, kuɗinki kawai za su ci. Ƙamus na Oxford Advanced Learner's da nake da shi yana nuna wacce ce ta Ingila, wacce ta Amurka. In za ki saya, ki buɗe shi a gaban mai shago, don jabunsa ya yi yawa, wani tawada ta dushe, wani shafuka sun ɓace.