Sharhi kan gyaran tsohuwar na'urar wasan filifa a Garwa

Na ba wani mai gyaran rediyo da kayan lantarki a nan Garwa aikin tayar da tsohuwar na'urar wasan filifa, wato akwatin nan mai ƙafafu huɗu da gilashi a sama, wanda ake harba ƙwallon ƙarfe a cikinsa ana tare shi da 'yan fikafikai biyu. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma lokacin da ya ci ya ninka wanda muka yi alkawari a kansa, kuma wannan lokacin ne ya kamata duk mai niyyar irin wannan gyara ya fara lissafawa tun kafin ya tambayi kuɗin kaya.

Na'urar ƙirar kamfanin Gottlieb ce na birnin Shikago a Amurka, ta shekarun 1970, kafin masu ƙera irinta su koma amfani da allon lantarki irin na kwamfuta a ƙarshen shekarun. Kawuna ne ya saye ta sa'ad da aka rufe wani gidan shaƙatawa, sannan ta yi shekaru a sito ƙarƙashin buhuna. Kamfanin ya daina aiki tun 1996, saboda haka babu wakili, babu wanda za a kai wa ƙara. Sa'ar da muka yi ita ce an riga an saita taransifomarta a kan wuta mai ƙarfin 220 irin tamu, kuma doguwar takardar taswirar wayoyinta tana naɗe a cikin akwatin, ɓeraye sun ci gefenta kawai.

Abin da ya fara burge ni shi ne mutumin ya ƙi jona ta da wuta ranar da aka kai ta, duk da na matsa. Ya ce: "Alhaji, sauri ya haifi nawa. Idan akwai wayar da ɓera ya feɗe, taransifoma za mu ƙona, ita kuwa ba a sayar da ita a kasuwa." Sai da ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, inda ya tarar an naɗe biyu da zaren waya maimakon a canza su, ya kuma sauya igiyar wuta da ta bushe ta tsattsage.

Daga nan aka shiga ainihin wahalar. Irin wannan na'ura ba ta da ƙwaƙwalwa. Duk lissafinta yana gudana ne ta hanyar ɗaruruwan makunnai na siraran ƙarafa da suke haɗuwa su rabu, da koyil-koyil, wato naɗaɗɗun wayoyi masu fizgo sandar ƙarfe idan wuta ta bi ta cikinsu, da wata 'yar motar lantarki guda mai juya faifai masu haƙora. Idan aka danna maɓallin farawa, dole kowane gangan lambobi na maki ya juya ya koma sifili, ya taɓa makunninsa, kafin motar ta tsaya a fito da ƙwallo. Tamu kuwa motar juyawa take yi ba tsayawa. Na zauna a shagon na ga yadda ya ciro gangan lambobi guda, ya kwance shi a kan farin ƙyalle yana jera sifirin da ƙananan notuna bisa tsarin da ya cire su, ya wanke tsohon giris da ya daskare da sifirit, ya goge bakin makunnin da ɗan siririn magagari, ya mayar, sannan ya ɗauko na gaba. Ganga ɗaya yakan cinye masa yamma guda, ga su kuwa da yawa tunda na'urar ta 'yan wasa fiye da ɗaya ce. A nan na gane cewa wanda ya taɓa ta a baya ya yi mata illa da man inji, domin sandar da take shiga cikin koyil a bushe aka ƙera ta ta yi aiki, kuma mai idan ya gamu da ƙurar hunturu irin tamu sai ya zama danƙo.

Fikafikan ma sun ba da aiki. Koyil ɗinsu naɗi biyu gare shi, mai ƙarfi na bugu da mai sauƙi na riƙewa, kuma akwai makunni da yake buɗewa idan fiffiken ya kai ƙarshen tafiyarsa domin wuta ta koma ta bi ta naɗi mai sauƙin. Na ɓangaren hagu ba ya buɗewa, shi ya sa koyil ɗin ya ƙone har takardarsa ta yi baƙi. Mai gyaran ya nuna mini wannan da idona kafin ya rubuta shi cikin kayan da za a saya, abin da ba kowane mai sana'a yake yi ba.

Jiran kaya shi ne inda na fi jin haushi, ko da yake ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Zoben roba, da ƙwayayen fitila masu aiki da wuta mai ƙarfin volt 6, da sabon koyil, da ƙwallo mai faɗin milimita 27, duk sai da wani ɗan'uwa ya sayo su a Faransa, suka sauka Duwala, suka bi jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, sannan mota ta kawo su Garwa. Laifinsa shi ne bai gama binciken na'urar ba kafin ya ba ni jerin farko, don haka sai da aka sake yin odar wasu ƙananan abubuwa aka sake zaman jira. Ga ɗaukewar wuta a lokacin zafi, ga talabijin ɗin mutane da suke zuwa da gaggawa a ture aikina gefe. Ban ga laifin mai neman abincin yau ba, amma da ya gaya mini gaskiya tun farko cewa aikin watanni ne, da ban riƙa yi masa sintiri ba.

Allon wasan kuwa ya tsabtace shi da hankali, bai kusance shi da ruwa ba tunda katako ne, ya shafa kaki ya goge. Ya hana ni sake amfani da tsohon ƙwallon, domin tsatsar da take jikinsa kankare fenti take yi. Gilashin baya mai zane, wanda fentinsa ya fara ɓarewa, ya ce ba fanninsa ba ne, ya bar shi yadda yake, kuma na fi son haka da a ce ya gwada ya ɓata. Kafinta ne ya canza gindin akwatin da gara ta ci.

Kuɗin kaya bai kai rabin abin da na kashe ba; sauran duk ladan hannu ne, kuma da na kwatanta shi da yammacin da mutumin ya ƙarar a sunkuye, ban ga tsada ba. Yanzu na'urar tana farawa, tana ƙirga maki daidai, ƙararrawarta tana kaɗawa, fikafikan suna kai ƙwallo har saman allo. Wanda zai kai masa irin wannan aiki ya nemi a kammala bincike a rubuta jerin kaya sau ɗaya, a kuma raba biya kashi-kashi bisa abin da aka gama. Wurin jefa kuɗi kaɗai muka bari ba a gyara ba, tunda tsabar da aka yi shi dominta ba ta yawo a hannun mutane, sai ya saita na'urar a riƙa wasa kyauta.