Gargaɗi ga masu keke: a kula da mai tallan faranti mai haƙora 60

Jama'a masu hawan keken tsere, musamman ku da hanyarku shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu ba gangare, akwai wani da ke ta watsa talla a soshiyal midiya kwanan nan yana sayar da farantin gaba, wannan mai haƙoran da feda ke juyawa, wai mai haƙora 60 ko 62, yana rantsuwa cewa da ka ɗaura shi za ka riƙa yin kilomita 60 a awa ko gumi ba za ka yi ba. Ba zan kira sunan shafin ba don yau suna ɗaya gobe wani, amma bidiyon dai shi ne ba ya canzawa, wani ne a kan keke yana wuce motoci an nuna agogon gudu yana hawa. Ku duba da kyau, hanyar gangara ce aka karkatar da kyamara, falwayoyin gefen titi ma duk a jirkice suke.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa shi ne lissafinsa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Tayar keken tsere zagayenta ɗaya kusan mita 2.1 ne. Faranti 60 a gaba, ƙaramin haƙori 11 a baya (wato ƙaramar giyar tayar baya mai haƙora 11), in ka juya feda sau 90 a minti, e za ka kai wajen kilomita 62 a awa. To amma wa zai juya? Nan ne ya yi shiru. A miƙaƙƙiyar hanya ba giya ce ke hana ka gudu ba, iska ce, kuma ƙarfin da kake buƙata don ka keta ta yana hawa ne fiye da yadda gudun ke hawa, daga kilomita 30 zuwa 60 sai ka nemi kusan ninki takwas na ƙarfin. Faranti ba ya ƙara maka ƙarfi ko na ƙwayar zarra, kawai zai mai da fedar ta yi nauyi ka koma kana murzawa sau 50 a minti kamar mai tura motar da ta mutu, gwiwa na ƙara.

Shahararren ɗan tseren keke Eddy Merckx da ya kafa tarihin gudun awa ɗaya a birnin Mexico a 1972, ya ci kilomita 49.431, da faranti 52 ya yi da haƙori 14 a baya. Shi ƙafarsa ce ke juyawa sama da sau 100 a minti. Gaskiya ne ƙwararru a yau suna sa 58 ko 60 a tseren agogo, wanda kowa ke gudu shi kaɗai ana auna lokacinsa, kuma hotunansu mai tallan ke sata yana liƙawa, sai dai su dalilinsu shi ne sarƙa ta zauna a tsakiyar haƙoran baya ta miƙe sosai, kuma mutane ne da ke iya riƙe kilomita 50 da ɗoriya na tsawon lokaci. Ni da kai fa?

Sai ƙarya ta biyu, wai farantin yana shiga kowane keke. Wallahi babu irin wannan. Ramukan notin faranti suna da awo, shi ne BCD, wato faɗin da'irar da ramukan ke kai a milimita, da za ka gani an rubuta a jiki. Mai 53/39 (babban faranti haƙora 53, ƙarami 39) yawanci 130 ne, mai 50/34 kuma 110, keken daji da yawa 104 mai noti huɗu, sannan sababbin farantan kamfanin Shimano na keken titi noti huɗu ne da tazararsu ba ɗaya ba. In naka mai noti biyar ne ɗauki rula ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, milimita 64.7 yana nufin 110, in ka ga 76.4 to 130 ne. Tambaye shi wannan lambar kawai, za ka ga ya fara kame-kame yana cewa kai dai ka turo kuɗi bakanike zai san yadda zai yi.

Ko da ramukan sun dace ba a gama ba. Abin canza giya na gaba yawanci bambancin haƙora 16 yake iya ɗauka tsakanin babba da ƙaramin faranti, 60 da 34 kuwa 26 ne, ga shi dole a ɗaga shi sama kuma wani keken mazauninsa ba ya kaiwa, ga sarƙa ta yi gajarta sai an saya sabuwa. Waɗanda kayan ya iso musu ma, abin da suke nunawa faranti ne mai haƙori ɗaya siriri ɗaya mai kauri, irin wanda aka yi don keke mai faranti guda don kar sarƙa ta faɗi, wanda ba a canza giya a kansa sam. Bayansa sumul, babu 'yan ƙusoshin nan da gurabun da ke ɗaga sarƙa ta hau. An buga 7075 a jiki wai alminiyon mai ƙarfi, amma ka sa shi a kan tebur sai ka ga gefe ɗaya a ɗage, haƙoran da kaushi kamar ba a goge ba, tambarin kamfanin da aka kwaikwaya ko farce ka sa yana kankaruwa. Wasu kuma ko wannan ba su samu ba, an ba su lambar bin kaya da ba ta nuna komai, da suka matsa aka toshe su.

Kuma ku lura, kullum saura guda uku ne, kullum yau ne ragin zai ƙare, kwament a rufe, kuɗi kuma sai dai a tura asusun wani mutum daban da sunansa bai da alaƙa da shafin.

In kana jin giyarka ta yi maka kaɗan ne, fara duba wane haƙori kake yawan zama a kai a baya. Faranti 50 da haƙori 17 a juyi 90 yana ba ka wajen kilomita 33, da 15 kusan 38, da 11 kuwa ya haura 51, kuma ni dai ban yarda akwai da yawa a cikinmu da ke ƙure 50 da 11 a fili ba tare da iska na tura su ba. Abin da ya fi amfani a shimfiɗaɗɗiyar hanya shi ne haƙoran baya masu kusa da juna, irin 11-25 ko 12-25 (daga ƙaramin haƙori zuwa babba), yadda in iska ta juyo za ka sauya haƙori ɗaya tak ƙafarka ba ta rikice ba. Wanda ya tabbata yana ƙure nasa ya koma 52/36 ko 53/39, ya saya inda zai riƙe shi a hannu ya gwada a kan kekensa kafin ya biya. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya adana hoton hirar da rasit, ya kira bankinsa yau ba gobe ba, sannan ya kai ƙarar shafin.