Wane littafin koyon karatun Turanci za ku saya wa yaro?

Duk farkon zangon karatu sai iyaye sun tare ni a bakin aji: Malama, wane littafi za mu saya yaron nan ya iya karanta Turanci? Kafin ku zaro kuɗi, ku san inda gizo ke saƙar. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa wajen 44. Mu a boko, kusan yadda ka rubuta haka kake furtawa. Su harafi ɗaya sai ya yi murya uku: ku saurari "a" a cikin cat, cake da call. Littafin da ya tsaya kan sunan harafi, ei, bi, si, bai ba yaro mabuɗi ba.

Queen Primer shi ne mafi araha, ko'ina za ku same shi, kuma da yawanmu da shi muka tashi. Yana farawa da gajerun kalmomi irin go da up. Illarsa hadda. Na taɓa samun yarinya tana rera shafi guda tamkar waƙa, na rufe littafin na rubuta mata up a allo, ta yi tsuru tana kallona. Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, hanya ce ba a nuna mata ba.

Jolly Phonics na fi ba iyaye shawara a kai. Malamai biyu ne 'yan Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, suka tsara shi, littafin jagorar malami ya fito a 1992. Yana koyar da sauti 42 a rukuni 7, kowane sauti da motsin hannunsa da 'yar waƙarsa. Rukunin farko s, a, t, i, p, n ne, ba a, b, c ba, kuma da gangan: da waɗannan shida yaro zai haɗa sat, pin, tap tun a makonnin farko. Ranar da ya ja s-a-t da bakinsa kalma ta fito, ku dubi fuskarsa. Sai dai littafin aikin yaro shi kaɗai ba ya magana. Dole a samu mai furta masa sautin daidai, ko malami da aka horar, ko manhajarsu ta waya. Wannan ya fi muhimmanci ga ɗan Hausa, don ba mu da p da v da th, shi ya sa pan ke komawa fan. Yaron da ya riga ya iya boko kuma zai ga cat ya karanta "c" irin ta cokali. Haka nan harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai mu tsarma wasali, yadda bread ya zama burodi.

Letterland ya mai da kowane harafi ɗan wasa mai suna, irin su Annie Apple da Clever Cat. Hotunansa na jan 'yan shekara 3 zuwa 4, amma sunayen kansu Turanci ne. Yaron da ba ya jin yaren a gida an ɗora masa kaya biyu.

In kuɗin littafi ɗaya gare ku, ku ɗauki Jolly Phonics, ku duba bugun kada ya zama na jabu mai dusassun haruffa.

Daga aji 3 sauti kaɗai ba ya isa, a nan ne iyaye suka fi sakaci. Ku nemi littafin da ke fasa kalma gida-gida: saiwa, ɗafa-goshi, ɗafa-ƙeya. Unhappiness kashi uku ce: happy ita ce saiwa, wato asalin kalmar, un da aka liƙa a farkonta ɗafa-goshi, ness da aka liƙa a ƙarshenta ɗafa-ƙeya. Yaranmu na saurin kama wannan in an ce musu yadda ɗinki ya ba da maɗinki haka teach ya ba da teacher. Da irin wannan littafin za su gane dalilin "g" da ke kwance shiru a sign amma ta farka a signature. A shagon, ku buɗe babin "ed" ku gani ko ya bambanta furucinta uku a walked, played da wanted. In bai yi ba, ku mayar da shi kan kanta.