Tsakanin gidan Grade II da wanda ba ya cikin rajista

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaye ni wanne za ka saya cikin gidajen biyu da ka turo a nan Ingila: mai lambar Grade II, wato wanda ke cikin rajistar gine-ginen tarihi da doka ta kare, da wanda ke unguwar da aka kare don tarihinta amma shi kansa ba ya cikin rajista. Ɗauki na biyun.

A ido kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Duk ginin zamanin Sarauniya Biktoriya ne, tsakanin 1837 da 1901, lokacin da jirgin ƙasa ya ba masu hali damar gudun hayaƙin tsakiyar gari su yi gida a gefe. An soke harajin bulo a 1850, na taga a 1851, shi ya sa kake ganin jan bulo ba tsumulmula, ga manyan tagogin nan masu turo ciki waje. Rufin na faffaɗan dutsen Wales ne, silin ya yi sama, kusan kowane ɗaki da murhunsa. Bambancin yana wajen doka.

Ni irin na biyun nake ciki a Headingley da ke Lidis, kuma alhamdu lillahi. Hukuma fuskar gida take kula da ita: tagogi, rufi, katangar gaba, sai bishiya da sai ka ba kansil, wato ƙaramar hukuma, sanarwar mako 6 kafin ka sare. Ciki kuwa naka ne. Mun buɗe bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin cin abinci, injiniya ya duba, masu kula da ƙa'idar gini suka sa hannu, shi ke nan. Yanzu ranar Sallah mata su cika can, maza su ɗauki falon gaba, ba mai takura wani. Mun kuma yi wurin alwala a ƙasa. Ranar da muka ɗaga tsohon kafet ɗin mashiga muka tarar da tayil na asali, ja da baƙi da ruwan ƙasa, ko ɗaya bai fashe ba. Hajiyarmu da ta zo ziyara cewa ta yi kada wanda ya sake rufe shi, kuma har yau a buɗe yake.

Shi Grade II, kyau kam akwai shi, ba na musu. Amma kariyar ta haɗa har da cikin gida: matakala, ƙofofi, murhu, adon silin. Kafin ka taɓa su sai da izinin kansil, kuma yin aiki ba izini laifi ne a dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, ba wai tara kawai ta saɓa tsari ba. Mai iyali da ke son gyara gida daidai da zamansa zai gaji.

Abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa: dillalai. Wani zai ce maka ai a gidan Grade II waje kaɗai aka kare. Ƙarya ne. Shiga rajistar Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila, a intanet ka sa adireshin, kyauta ne. Mafi haɗari, idan mai gidan na baya ya cire tagogin katako ya sa na roba ba izini, kai da ka saya za a iya tilasta wa mayar da su da kuɗinka, kuma shekaru ba sa goge wannan. Lauyanka ya nemi takardar izinin kowane gyara, a rubuce.

Sai danshi, wanda ya shafi duka biyun. Bangonsu curarre ne, ba rami a tsakiya, kuma da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaure bulon domin laima ta riƙa fita. Ka san abin da ke faruwa idan aka yi wa ginin ƙasa shafen siminti: ruwa ya maƙale, bango ya ruɓe ta ciki. Haka yake a nan. In ka ji ƙanshin sabon fenti a ƙasan bango ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ka yi tambaya, don masu sayarwa na ɓoye danshi da shi. Biya a yi maka cikakken binciken gini na RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu duba gine-gine, mataki na 3, kuma mai binciken ya zama ya saba da tsofaffin gidaje. Ka kuma tambayi kansil ko akwai umarnin Article 4 a layin, don yana ƙara tsaurara abin da za ka iya canzawa a waje.

In binciken ya fito lafiya, saya na biyun. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a.