Wata uku da faya-fayan Zoltán Kocsis: yadda na same su

Wani abokina da ke koya mini piyano ne ya dame ni da sunan makaɗin piyano Zoltán Kocsis, kullum sai ya ce, "Malam, ba ka ji Bartók ba tukuna." Da na gaji sai na yi odar akwatin Kocsis mai faifan CD takwas, wanda ya ƙunshi kiɗan da Béla Bartók, marubucin kiɗa ɗan ƙasar Hangari, ya rubuta wa piyano kaɗai. Saƙon ya yi mako biyar a hanya, kuma ya iso da kusurwar kwalin a murƙushe. Mai sayarwar bai ko amsa saƙona ba. Allah ya taimake ni faya-fayan ba su karce ba.

Ranar farko a mota na saka, kan hanyar kai yara makaranta. Kiɗan Allegro barbaro na 1911 ya fara, sai ƙaramar ɗiyata ta toshe kunne ta ce, "Baba, wannan faɗa yake yi da abin?" Gaskiyarta. Kocsis na dukan piyano kamar mai ganga. Amma da na sake ji a natse, sai na lura duk tsananin dukan ba ya cakuɗa sauti, kowane yatsa ana jin inda ya sauka. Nan ne ya kama ni.

Kocsis ɗan Budapest ne, babban birnin Hangari, an haife shi a 1952. Yana da shekara 18 ya lashe gasar Beethoven ta gidan rediyon Hangari, ya kuma yi karatu a makarantar kiɗa ta Franz Liszt a hannun irin su Pál Kadosa da György Kurtág. A 1983 shi da Iván Fischer suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Budapest Festival, daga 1997 kuma ya riƙe jagorancin babbar ƙungiyar makaɗan ƙasar har rasuwarsa a Nuwamban 2016. Ina ganin wannan aikin jagorancin yana cikin hannunsa tun kafin ya hau shi: hannun hagu na tafiya da nasa zance, na dama da nasa, kamar makaɗa biyu da aka hora.

Inda na fi daɗewa shi ne raye-rayen ƙauyen Romaniya guda shida na 1915. Duka-duka ba su wuce 'yan mintuna ba. Bartók ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye da na'urar ɗaukar murya yana naɗar waƙoƙin manoma, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913. Kocsis ba ya yi wa waɗannan waƙoƙi kwalliyar birni. Yakan ja wani wuri, ya yi sauri a wani, yadda mai goge ke bin numfashin mawaƙi. Na uku a cikinsu, mai siririyar murya can sama, sai ka rantse sarewar makiyayi ce.

Sai dai akwai wahala. Akwatin ya haɗa da Mikrokosmos, darussa 153 a littafi shida, kuma na farkon Bartók ya yi su ne don koyar da ɗansa Péter. Hannu biyu na bin sauti ɗaya, a hankali, cikin yatsu biyar. Ga ɗalibi irina riba ce, domin nakan saurara sannan in gwada, in ji yadda nawa ke ɗingishi. Amma wanda ya zo neman nishaɗi barci zai kwashe shi tun kafin darasi na ashirin.

Wani abin kuma, kiɗan ba ya shiri da hayaniya. Akwai wani sashe a kiɗan Out of Doors na 1926 da ke kwaikwayon kukan dare, kwaɗi da ƙwari, a ƙasa-ƙasa ƙwarai. Sau biyu janaretan maƙwabcina na cinye shi. Sai da na bari ƙarfe ɗaya na dare, na sa abin ji a kunne, sannan na ji shi sosai, har na cire na leƙa tsakar gida ko gyare ne ya shigo.

Kuɗin ya yi zafi, musamman da na haɗa da na aikowa. Wanda ba ya koyon piyano, ya fara jin raye-rayen Romaniyan a intanet kafin ya taɓa aljihunsa. Ni dai faifan da suke ciki ya koma zama a mota, kuma ɗiyar tawa yanzu ita ke cewa a maido mata na ƙarshen, mai gudu.