Shagon buga takardu na wajen Ƙofar Ƙaura, da dattijon da ya gyara mini kalma guda

Ƙanwata tana cikin takaba lokacin da mai bin ta bashi ya sa ta gaba. Kayan kicin ta karɓa a hannunsa, kuloli da filasai da tukwane, tana sayarwa a gida tana biya kaɗan-kaɗan, sai rasuwar maigidanta ta gifta, ciniki ya tsaya cak. Mutumin haƙƙinsa yake nema, ban musa ba. Amma kiran waya da tsakar dare, da turo yara ƙofar gida tun kafin a sha koko, sun kai ta ga kashe wayarta gaba ɗaya. Mai unguwa ya zaunar da mu, aka yanke abin da za ta riƙa biya duk wata, shi kuma mai bin bashin ya yi alkawarin ƙyale ta. Aka ce a rubuta. Da yake ɗan kudu ne, yana jin Hausa amma ba ya karanta ta, sai aka tsaya a kan Turanci, aka ɗora mini aikin.

Da dare na zauna na tsara. Kalmar harass na san ta, ita ce ainihin abin da yake yi mata. Kishiyarta nake nema, don takardar ta faɗi abin da zai yi daga yau. Na tambayi wayata, ta jero mini soothe da comfort da please da assist da appease, duk a layi ɗaya kamar ma'anarsu guda. Na ɗauki comfort na rubuta cewa zai daina matsa mata, kuma "he shall comfort her".

Washegari na kai wani shagon buga takardu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Ɗaki ɗaya ne, kwamfuta biyu, injin hotokofi, da benci guda a bakin ƙofa. Wata yarinya ce ke bugawa. A gefenta akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ke duba duk takardar Turanci kafin a fitar da ita. Saboda shi nake wannan rubutu.

Ya karɓi takardata ya karanta da jan biro a hannu. Da ya iso layin nan sai ya cire tabarau.

"Ɗana, matar nan mi take gare ka?"

"Ƙanwata ce, Baba. Takaba take yi."

"To kai da hannunka za ka rubuta cewa wani namiji, ba muharraminta ba, zai riƙa rarrashinta?"

Jikina ya yi sanyi. Ya ce comfort rarrashi ne da sanyaya zuciyar wanda ke cikin baƙin ciki, irin abin da uwa ko 'yar'uwa ke yi wa mai takaba. Asalinta ma daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin ƙarfi, wato ka ƙarfafa wa mutum gwiwa. Kalma ce mai kyau, sai dai tana bukatar kusanci, alhali mu nesa muke nema tsakaninsu. Console ma 'yar ɗakinsu ce, ta gidan gaisuwa. Soothe kuwa ta fi kama da lallaɓa jariri mai kuka, ko abin da man zafi ke yi wa ciwon baya.

Daga nan ya tambaye ni da Hausa: me kake so mutumin nan ya yi? Na ce ya ƙyale ta, ya sakar mata mara. Ya ce to shi ke nan, da haka ya kamata in fara tun jiya. A Hausa ma damu da takura da tsangwama ba su da kishiya ɗaya tilo. Akwai ƙyalewa, akwai rarrashi, akwai ba da baki, akwai kwantar da hankali, kowace da muhallinta. Turanci ma haka yake. In janye jiki ake nufi, sai a ce leave alone, ko let be, ko leave in peace. In mutum ya tsorata ana so hankalinsa ya dawo jikinsa, reassure ce. In kuma hannu za a sa a taimaka, ga assist da support.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan appease da pacify, kuma a nan na ga malami ne na gaske. Ya ce appease ita ce ka ba mai fushi abin da yake so don ya yi shiru, kuma tun 1938, lokacin da firayim ministan Birtaniya Neville Chamberlain ya amince wa Hitler da wani yanki na ƙasar Chekoslobakiya a taron Munich don gudun yaƙi, kalmar ta ɗauki warin tsoro da miƙa wuya. Da na sa ta, da takardar ta nuna kamar ƙanwata ce mai rigimar da ake toshe wa baki. Pacify kuwa, ya ce, mu 'yan Arewa ya kamata mu san ta fiye da kowa, domin pacification Turawa suka riƙa kiran cin ƙasar nan da suka yi, har da shekarar 1903 da Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu, Gwamna Lugga ya iso nan Katsina. A ƙamus tana nufin kawo zaman lafiya, a tarihinmu kuwa da bindiga aka kawo shi. Ya kuma gargaɗe ni da unmolested, wadda tsofaffin takardu ke amfani da ita da ma'anar ba a taɓa mutum ba. Yau duk wanda ya ji molest, lalata ce ke fara zuwa masa a rai.

Yana da wani tsohon littafi mai yagaggen bango a kan teburinsa, irin wanda wani likita ɗan Ingila, Peter Mark Roget, ya fara fitarwa a 1852, inda aka tara kalmomi bisa ma'ana, kowane rukuni kusa da kishiyarsa. Ya buɗe ya nuna mini cewa shi ma jerowa kawai yake yi, kamar wayata. Zaɓin yana wuyan mai rubutu. Har ita harass ɗin, ya ce, daga Faransanci ta shigo, kuma masana na danganta ta da kalmar cuna wa mutum kare. Da na tuna yaran da ake turowa ƙofar gidan, sai na ga kalmar ta zauna daram.

Abin da muka buga a ƙarshe gajere ne: "He shall leave her in peace and shall refrain from calling her at night or sending anyone to her house." Refrain from, wato ya kame kansa daga aikatawa. Baba ya dage a ƙara cewa duk maganar kuɗi ta biyo ta hannuna ko ta mai unguwa, ya ce alkawarin da ba a fayyace ba shi ke dawo da mutane zaure.

Shagon yana da nasa aibi, kuma zan faɗa. In an ɗauke wuta, janareto a bakin ƙofa yake, hayaƙi da ƙara duk a kanka, har sai ka ɗaga murya. Bencin ɗaya ne, na ga wata mata da goyo tana tsaye a rana fiye da rabin awa, wannan bai dace ba, kuma kujera biyu za su magance shi. Yarinyar tana da sauri amma sai da ta mayar mini da peace zuwa piece, Baba ne ya kama, aka sake fitarwa ba tare da an ƙara mini ko sisi ba. Sannan dattijon ba ya gaggawa. In fom kake so a cike maka ka wuce, ko hotokofi kawai, akwai shaguna da yawa a hanyar IBB da za su sallame ka cikin minti biyar. Kuɗin bugawa daidai yake da na sauran wurare, dubawar tasa kuwa ba ya yanka mata farashi, abin da ka ba shi ya karɓa ya sa albarka.

Amma in takardarka ta yarjejeniya ce, ko ta haya, ko ƙorafi zuwa ofis, inda kalma ɗaya za ta iya jawo maka magana, ka je da safe kafin layi ya taru, ka kuma tafi da abin da kake nufi a bakinka da Hausa, don shi zai fara tambayarka. Ba ya zuwa ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.

Mutumin ya karanta takardar a zauren mai unguwa, ya sa hannu, mu ma muka sa. Ƙanwata ta fita takaba, ta biya wata uku a jere, wayarta kuma a kunne take kwana.